Tagar da Turare Ya Ci

Illo mai gwangwani taubashina ne, saboda haka ba ranar da ba na tsokanarsa. Rumfarsa na jikin tawa a kasuwar Yelwa. Ni ina sayar da bandar kifi, shi yana ƙwanƙwasa gwangwanin madara ya mai da shi fitila aci-bal-bal ko mazurari. Gajere ne, ga rowar magana, ga nawar tsiya. In ka kawo mishi buta mai yoyo sai ya yi ta juya ta yana ƙare mata kallo kamar zai aure ta. Na sha ce mishi, "Illo, kafin ka gama gyaran butar ga mai ita ya tsufa." Sai ya ce, "Rabi, ji da kifinki." Iyakar faɗansa ke nan.

Amma akwai aikin da ya yi a gabana wanda ya sa na rage baki, ba don na daina ba.

Lokacin an datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya hau ya shanye tsibiran da ke tsakiyar kogi, an kwashe mutanensu an kai su sabbin gidaje a tudu. Wata safiya sai ga wata tsohuwa daga cikinsu, Inna Zuliha, ta tsaya bakin rumfar Illo da ƙunshi a hannu. Ta kwance ƙyalle, ta kwance wani, sannan abin ya fito: ɗan jirgin ƙasa na wasan yara, kai da tarago guda, kore, fentinsa duk ya ɓaɓɓare. Ƙamshi ya tashi har ya danne warin kifina.

Ɗanta Jabiru ne ya kawo mata shi shekarar da aka samu mulkin kai. Yana aikin reluwe a Minna, ita kuwa ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, shi ya sa ya sayo mata wannan a kanti. Ya yanke ɗan hotonsa ya manna a bayan taga guda ta taragon, ya ce duk lokacin da ta duba ta san yana nan tafe. Bai sake zuwa ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi can, aka rufe shi inda ba ta sani ba. Kabarin mijinta kuma yana ƙarƙashin tafki. Fuskar nan ta bayan taga ita kaɗai ta rage mata.

"Ɗana," ta ce da Illo, "na daina ganin shi. Ban sani ba ko idona ne."

Na leƙa. Wallahi ba idonta ba ne. Tagogin na roba ne mai kama da gilashi, duk sun yi ɗorawa-ɗorawa, wasu sun tsage. Amma ta Jabiru ta fi kowace lalacewa, ta yi fari fat, ta yi danƙo, ba ka ganin komai sai inuwar hula.

Illo ya juya taragon, ya kai shi hanci ya shinshina. Ya tambaye ta ko tana shafa wa tagar wani abu. Ta ce ba komai, sai dai turare. Kowace Juma'a takan ɗiga turare a yatsa ta shafa mishi, don Jabiru ba ya fita masallaci ba turare.

Nan take na gane, turaren ne ya cinye robar. Har na buɗe baki zan ce, "Ashe ke kika ɓata shi da hannunki," sai Illo ya take mini ƙafa. Ya take ta da gaske, har yau ina jin haushi in na tuna.

"Rana ce, Inna," ya ce. "Robar Turawa ba ta jure ranarmu."

Tsohuwa ta zauna kan tabarmarsa, ta ce ba inda za ta sai an gama. Ya fara da 'yan kunnuwan ƙarfen da suka riƙe rufin taragon. Sun yi tsatsa, in ka lanƙwasa da ƙarfi su karye. Ya ɗiga musu man gyaɗa da gashin kaza, ya jira, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da tsinin wuƙa. Da rufin ya buɗe sai ya leƙa ciki. Hoton ya manne da robar kam. In ya ja, fuskar za ta bi robar ta bar farar takarda.

Ya ɗauko ɗan faranti ya zuba ruwan randa. Inna Zuliha ta yi zumbur ta riƙe mishi hannu.

"Ruwa kuma? Ruwa ya ci gidana, ya ci mijina. Shi ma ruwa za ka ba?"

Illo bai janye hannunsa ba. Ya ce, "Inna, a ruwa aka haifi hoto tun farko, na ga mai hoto na wanke shi. Ruwan ga ba mai tafiya ba ne, kuma ina tsaye a kansa." Ta dube shi, ta dube ni, ta sake shi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ba ta iya kallo.

Ya yanko tagar da hoton a jikinta ya sa a ruwa. Masu buta suka zo suka gaji suka tafi. Ni ma na bar ƙuda na cin kifina. Can sai gefen takardar ya ɗan saki, ya zura gashin kazar a hankali, ya tsaya, ya ƙara zurawa. Nawar nan tasa da nake zagi, ranar na gode wa Allah da ya yi shi da ita. Bakin hular ya ɗan bi robar, amma ido da hanci da 'yar wushiryar saurayin suka fito lafiya lau. Ya shanya hoton a inuwa, ya ce ta dawo ran kasuwa, ta taho mishi da tsohuwar kwalbar turarenta.

Sauran tagogin bai sha wuya da su ba. Ya samo robar kwalin sabuwar riga wurin wani ɗan tireda, ya auna, ya yanka, ya jera. Ta Jabiru ce ya ƙi yi wa roba. Da aka kawo kwalbar, 'yar fale-fale, ya yanko gefenta guda, ya zauna yana goga bakin a dutsen wasa wuƙa da ruwa, har ya zama daidai gurbin. Yatsunsa duk suka yayyanke. Na ce, "Kai dai ka cika neman wahala, ga roba nan a yashe." Ya ci gaba da gugarsa.

Ran da ta karɓa, ta kai taragon kusa da ido. Gilashin kwalbar yana da ɗan tudu, sai ya ƙara wa fuskar girma. Sannan ta ce, "Jabiru, ka yi ƙiba," ta yi dariya, hawaye na zuba. Ni da ba na kuka a kasuwa, na juya na hau gyara kifin da ba ya bukatar gyara.

Da za ta tafi ta tsaya, kamar mai jin kunya. Ashe tsohuwar ba ta yarda da zancen rana ba tun farko.

"Ɗana, in daina shafa mishi, ko?"

Illo yana ɗaure yatsansa da tsumma. Ya ce, "A'a, Inna. Tagar ga cikin turare ta girma. Ki shafa mishi ran Juma'a."