Mai Ɗorin Birnin Tudu

Malam Abdulwahabu ya gaji ɗori ne daga mahaifinsa, ya kuma kai shekara hamsin yana yi a zaurensa da ke Birnin Tudu. Daga Maradun ake kawo masa masu karaya, daga Morai, har daga cikin garin Mafara. Lokacin da yake da ƙuruciya, fuskar mutum kawai yake kallo ya san inda ke ciwo. Da tsufa ya zo hannun bai canza ba, yatsunsa na bin ƙashi kamar suna gani. Sai dai ya ɗauki wata magana da ba ya gajiya da ita, wai mutanen da can ba su da raki, a iya tuninsa ba wanda ya taɓa yi masa kuka.

Wata Talata da hantsi, wani magidanci mai suna Mamuda ya kawo mahaifiyarsa Baturiya a kan babur daga Jangebe. Ta zame a bakin rijiya, tsintsiyar hannunta ta karye. Bayan doguwar gaisuwa Malam ya kama hannun, ya dubi fuskarta, bai ga komai ba. Ya ja da ƙarfi, ƙashi ya koma wurinsa, ya jera karare ya ɗaure.

"Madalla da ke," in ji shi. "Ko gezau ba ki yi ba."

Sai Baturiya ta sulale ta jingina da bango, bakin mayafinta na tsakanin haƙoranta, gumi ya jiƙe mata wuya. Taibatu, matar Malam, ita ta fito da ruwa ta shafa mata har ta farfaɗo.

Malam ya ɗan rikice. Ya juya ga Mamuda, wanda ya taɓa ɗora wa ƙafa shekara ashirin da suka wuce.

"Kai da na yi maka, ai ko uffan ba ka ce ba."

Mamuda ya sunkuyar da kai. "Baba, Allah shi gafarta maka. Mutum ukku suka danne ni a zauren ga. Ihuna har bakin masallaci an ji shi. Kai da kanka ka tsaya kana share mani hawaye da hannun rigarka."

"Ni?"

"Awo, Malam," in ji Taibatu. "Ranar ko tuwo ba ka ci ba."

Malam ya shiga laluben ranar a ransa. Ya tuna inda ƙashin ya tsage, ya tuna kara nawa ya sa, har ruwan saman da aka yi da yamma ya tuna. Ihun ne babu shi. Ya fahimci shekaru sun bar masa aikin sun kwashe zafin, sun kuma rage masa gane shi a fuskar wanda ke zaune gabansa.

Bai ce zai ajiye sana'a ba, domin ya san hannunsa. Ya ba Baturiya haƙuri, ya hana a hau da ita babur sai da ta sha kunu ta huta.

Tun daga ranar ya sauya yadda yake aiki. Kafin ya taɓa mutum sai ya ɗora lafiyayyen hannun mai karayar a kan gwiwarsa, ya ce, "Ni tsoho ne, fuska ba ta gaya mani komi yanzu. In ya yi zafi ka matsa nan, kar ka ji kunyata." In an matsa sai ya dakata, ya bari a numfasa.

A bana ya cika shekara saba'in da takwas. Makon jiya wani maƙeri daga Bakura, ƙato mai kafaɗa, ya matse masa gwiwa har sai da ya kwana biyu yana ɗingishi. Malam ya ba kowa labarin a masallaci yana dariya, ya ce kafaɗar maƙerin ta zauna daidai.