Zanen da Ke Falon Gwaggo

Jiya a kan titin 125th Street na hango wani zane a shagon tsofaffin kaya, na tsaya ina kallonsa. Irinsa ne ke rataye a falon marigayiya Gwaggo a unguwar Parkchester. Wata baturiya da Gwaggo ta yi wa jinya ce ta bar mata shi. Tulu ne da kwano a kan tebur, amma mai zanen ya farfasa su, shuɗi can, ruwan ƙasa nan, sai ka ƙura ido kafin ka gane su.

Kullum bayan la'asar takan zauna gabansa, falon na ƙamshin shayin citta. Ran nan na ce, "Gwaggo, me kike gani a wannan tarkacen?"

Ta ce, "Ɗakin Inna ne, mahaifiyata. Haka yake dawo mini yanzu, guntu-guntu. Fuskarta ce na kasa haɗawa."

Ashe mantuwa ce ta fara kama ta. Daga baya ni ma ta daina gane ni, sai ta riƙa tambayata ko na haɗu da Inna a hanya.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo, Ya sada ki da wadda kika yi ta cigiya.