Farcen Mai Birki

Shekara goma sha ɗaya ina wucewa ta gaban rumfarsa ban taɓa tsayawa ba, amma kullum sai na saci kallon hannunsa. Farcen babban yatsansa na dama ya bar shi ya yi tsawo, ya yi kauri kamar ƙahon ɗan akuya, sauran taran kuwa a yanke suke tas. Mutum bakanike, baƙin mai har gwiwar hannu, me zai yi da dogon farce? Na sha tambayar kaina. Mai Farce ake ce masa a layin, kuma birki kaɗai yake gyarawa. In ka kawo masa babur injinsa na tari, da haɓa zai nuna maka rumfar gaba.

Ni ƙwai nake kai wa masu shaguna, kiret shida a bayan babur, safe da yamma. Babur ɗin ya shekara ashirin da shida a hannuna. Wata safiya a gangarar bayan kasuwa wata mota ta tsaya a gabana, na damƙi birkin gaba, ya kama ya saki ya sake kamawa, sai ga ni a ƙasa cikin ruwan ƙwai. Gwiwa ce kawai ta kurje. 'Yata, wadda nake kira Uwata, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta wanke ciwon. Tana gama ɗaure bandeji ta zare makullin babur daga aljihun rigata ta jefa a jakarta.

"Baba, an gama."

Na roƙe ta har bakina ya bushe. Babur ɗin nan shi ne ƙafata. In aka raba ni da shi, abin da ya rage mini tabarma ce da rediyo. Daga ƙarshe ta ce ta ba ni mako guda in gyara birkin. Ran Asabar za ta zo ta gani da idonta, in bai yi mata ba a sayar. Makulli kuwa yana wurinta.

Da turi na kai shi rumfar Mai Farce.

Rumfar ba ta fi ɗakin kwana ba. Tsofaffin faya-fayan birki, wato zagayayyen ƙarfen nan da ke jikin tayar gaba, na rataye a bango jere a kan ƙusoshi. A kan benci wani dattijo na zaune da sanda tsakanin ƙafafunsa, ƙafar hagu a miƙe ba ta lanƙwasuwa. Yayan Mai Farce ne. Alƙali ake ce masa, don babu babur ɗin da zai wuce bai yanke masa hukunci ba.

Muka gaisa. Na ce, "Takalmin birki nake so, na gaba. Mai ƙarfi, wanda ba ya ƙarewa."

Takalmin birki su ne 'yan faranti biyun da ke matse faifan nan daga dama da hagu har taya ta tsaya.

Mai Farce ya ce, "Ba na cinikin biri a sama, Baba. Sai na ga tsohon."

Alƙali ya matsa mini a benci. "Zauna, Mai Ƙwai. Wannan ko gaisuwa ka yi masa sai ya kwance ta ya duba ciki."

Ya ɗaga gaban babur ya ɗora a kan itace, ya kwance noti biyu, ya zaro takalman. Na yi zaton zan ga sun cinye. Ashe kamar jiya aka sa su. Ya juya su a tafin hannu, ya ajiye. Sannan ya murza tayar tana juyawa a hankali, ya ɗora farcen nan a kan faifai, ya ja shi daga tsakiya zuwa baki, idonsa a rufe. Na ji farcen na ƙas-ƙas-ƙas kamar an ja tsinke a kan mataji. Da ya kai baki sai ya maƙale.

To, ashe aikinsa ke nan. Shekara goma sha ɗaya.

"Wa ya sa maka waɗannan?"

"Ni na saya a kasuwa bara. Mai shagon ya ce garin ƙarfe aka yi su da shi, sai sun ga bayana."

"Saura kaɗan su gani kuwa," in ji Alƙali.

Mai Farce bai yi dariya ba. Ya kama yatsana ya ɗora a kan faifan. Duk ya yi kwari-kwari, bakinsa ya yi tudu. Ya goge wani wuri da tsumma ya nuna mini 'yan lambobi da aka buga a jikin ƙarfen, ya ce kamfani ne ya rubuta iyakar sirancin da faifan zai yi a ci gaba da aiki da shi. Ya ɗauko ma'auni ya gwada, nawa ya wuce iyakar tuntuni.

"Baba, birki abu biyu ne ke gugar juna, dole ɗaya ya ci ɗaya. Kai ka sayo wanda ba ya ciwuwa, shi kuwa ya zauna yana cin faifai. Irin waɗannan na manyan baburan zamani ne masu taurin faifai. Naka ƙarfen da ne, mai laushi. Ya sirance, ya sha zafi, ya karkace. Shi ya sa yake kamawa yana saki."

Daga nan ya shiga tambaya kamar likita. Me nake ɗauka? Nauyinsa fa? Wace hanya nake bi? Ina fita cikin ruwan sama? Da na ce ƙwai, ya gyaɗa kai. Ya ce mai ƙwai ba birki mai fizga yake bukata ba, mai lallashi yake bukata. Ya ciro wasu takalma masu laushi daga kwali, ya ce za su ƙare da wuri, in sun ƙare a canja, aikinsu ke nan. Amma ba zai ɗora su a kan wannan faifan ba ko zan kwana ina roƙo.

Matsalar ita ce an daina ƙera faifan irin babur ɗina. Ya kwance tsohon, ya kwantar a kan kwali, ya zagaye shi da fensir, ya huda gurbin notuna huɗu, ya yanke da almakashi. Ya naɗe kwalin ya sa a hammata, ya nufi wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa.

Kwana uku yana wannan yawo, ni kuma ina zaman benci da Alƙali, tunda ba ni da wurin zuwa. A nan na ji labarin Mai Farce. Mahaifinsu mai gyaran keke ne. Yayan ya fi son hawa, ƙanen ya fi son kwancewa. Da ƙanen ya buɗe rumfarsa, komai yake gyarawa, inji, wuta, taya, kuma hannunsa da sauri, har yana alfahari babu mai jiransa ya gama shan shayi. Wata rana Alƙali, lokacin yana dakon kaya da babur, ya tsaya a gurguje ya ce a canja masa takalmin birki. Ƙanen ya canja cikin minti biyar, bai dubi faifai sosai ba. Akwai tsaga a jiki, siririya kamar gashi. Bayan kwana tara faifan ya fashe a kan gada.

Alƙali ya bugi ƙafarsa da sanda. "Ita ce wannan. Ni na manta, wallahi, da na riga na gaji da dako. Shi ne bai manta ba. Ya kori duk sauran aikin ya riƙe birki. Ido ya yaudare shi, sai ya koma ga farce. Matarsa ta yi fama ya yanke, har da almakashi ta taɓa bin sa yana barcin rana."

"Kai kuma kullum kana nan?"

"Ina zan je? Ni ne allon tallarsa. Duk wanda ya ce sauri yake yi, sai in miƙe ƙafa."

Rana ta farko Mai Farce ya dawo hannu wofi. Ta biyu ya zo da faifai guda, ramukan sun dace da kwali, amma da ya ɗaura ya juya tayar, farcen ya ji yana lilo kaɗan, ya kwance ya mayar. Ni ban ga lilon ba, na ce a bar shi haka, Asabar na matsowa. Alƙali ya miƙe ƙafa. Na janye maganata. Ran Alhamis ya samo wani a jikin babur ɗin da injinsa ya mutu tun yana sabo. Ya wanke shi, ya auna wuri shida, ya bi shi da farce ciki da waje, sannan ya ce, "Wannan."

Yana ɗaurawa ya ɗauko tsohon faifaina ya nuna mini wani shuɗi-shuɗi a jikinsa.

"Akwai abin da ban gane ba, Baba. Wannan launin zafi ne, na wanda hannunsa ba ya sauka daga birki ko a miƙaƙƙiyar hanya. Me kake tsoro?"

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na buɗe masa hannuna na dama. Yatsun sun ƙage, ba sa miƙewa sosai. Tsoro nake kada abu ya taso in kasa kai wa hannun birki da wuri, shi ya sa nake tafe ina ɗan matse shi.

Ya dubi yatsun kamar yadda ya dubi faifan. Ya kwance hannun birkin, ya sa wani mai lanƙwasa wanda ya fi matsowa kusa. "Kama mu gani." Yatsuna suka kai ba wahala.

Saura abu guda. Ya ce sabon takalmi da faifai baƙin juna ne, sai an tsaya a hankali kamar sau talatin kafin su saba. Ga shi babu makulli. Na ce ai ya san yadda ake haɗa waya. Ya ce ya sani, amma ba shi aka ba makullin ba, ba kuma shi zai zagaye mai shi ba. Haka muka wuni ran Juma'a, mu biyu muna tura babur zuwa kan 'yar gangarar bayan rumfa, in hau in gangaro in tsaya, mu sake turawa. Alƙali na ƙirge daga benci, yana cewa bai taɓa ganin jaki biyu na yi wa doki hidima ba.

Ran Asabar Uwata ta zo rumfar da kayan aikinta a jiki. Ta gaishe su, ta zagaya babur, sannan ta tsaya gaban Mai Farce.

"Kawu, tsakaninka da Allah. Da mahaifinka ne, za ka bar shi ya hau?"

Na san mutumin ba ya rufa wa kowa asiri a kan birki.

"Birkin zan hau da 'ya'yana," in ji shi. "Hannun kuwa ya shekara saba'in, ba ni da sabonsa a kwali. Ya riƙa ɗaukar kiret huɗu, ba shida ba. Kuma duk wata ya biyo in sa farce. In na ga shuɗin nan ya dawo, ke zan fara gaya wa."

Sai ta ciro makulli ta tayar da babur da kanta, ta ɗauki kiret guda na ƙwai da ta zo da shi ta hau baya ta ɗora a cinya.

"Mu je inda ka faɗi."

Muka kama gangarar bayan kasuwa. Na bar yatsuna a kan hannun birki ban matse ba. Muna tsakiyar gangara ta daka mini tsawa a kunne, "Tsaya!" Na kama. Babur ya sunkuya kaɗan, ya tsaya lif, kamar an dafa kafaɗarsa. Sau uku tana yi mini haka, na ƙarshe ma ina tsakiyar ba ta labari.

Da muka dawo rumfa ta duba ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta durƙusa, don ita ma tana son ta ji abin da ake ji a jikin faifan nan, ta kai yatsa. Ta fizge da sauri tana yarfewa.

"Wayyo, zafi!"

"Yanzu kin san abin da ya sa ba da tsoka yake taɓawa ba," in ji Alƙali.

Ta sa yatsan a baki, tana harararsa tana dariya. Da ɗaya hannun ta zare makulli daga jikin babur, ta ɗan riƙe shi, sannan ta saka mini a aljihun riga ta daddanna.

"Huɗu, Baba. Zan riƙa ƙirgawa."

Mai Farce bai ga wannan ba. Wani ya riga ya tsaya da babur yana cewa sauri yake yi, shi kuma ya durƙusa gaban tayar, idonsa a rufe.