Idon Malam da Ya Ɓace a Bangon Littafi

Akwai abin da ya faru tsakanina da autana wanda ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina, kuma duk a kan bangon littafi ne, ni da ko alif na boko ban sani ba.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto ba. Ko na katin zaɓe ƙi ya yi. Manomi ne a ƙauyenmu na ƙasar Bagwai, kuma shi ake kira idan an yi rigimar iyakar gona. Zai zo ya tsaya ya dubi gamba, ya dubi kunya, ya dubi mai magana, shi ke nan ya san wanda ya ci iyaka. Auta ya tashi da baiwar zane a hannunsa. Bayan rasuwar uban ya tafi Kano yana zana wa marubuta bangon littattafai. Da wani marubuci ya kawo masa labarin wani ɗan sandan ciki mai gano ɓarayi da masu kisa, sai ya ɗauki fuskar ubansa ya ba shi: dogon wuya, siririyar fuska, tabon ƙahon bijimi a goshi. Ranar da ya kawo mini littafin sai na sa shi a ƙasan adaka.

To, littafi a ƙauye ba ya zama wuri ɗaya. Matan gidan nan su ara, na gidan can su ara, wannan ta karanta wa waccan suna tsinkar zogale. Nawa ma haka ya fita. Da ya dawo, ba bango. Ban ɗaga hankalina ba, na ce ai kasuwa cike take da shi.

Ashe a tsakanin nan an mai da labarin fim. Wanda ya fito a ɗan sandan wani ƙato ne fari mai saje, yana sa kwat, in zai kama mai laifi sai ya ɗaga gira ɗaya. Duk gidan da ka shiga shi ne a waya. Ni ma jikokina sun sha tura mini shi a gaba ina ɓarar gyaɗa, ina kallo ina tsaki, amma dai ina kallo.

Da kaka ta yi Auta ya zo gida, dama na ce ya taho mini da wani littafin. Ya miƙo, na duba, sai ga mai saje.

Na ce, "Wannan kuma wane ne?"

Ya ce, "Inna, shi ne ɗan sandan. Tunda fim ya fito, masu saye ba sa ɗaukar littafin sai sun ga fuskarsa. Marubucin ya ce in sake duka, har na baya. Yanzu ko wani labarin aka kawo mini, cewa ake in yi shi kamar wannan."

"Na babanka fa?"

"Ya ƙare a kasuwa. Amma kada ki damu, ai ubana ne. Yanzu zan zana miki shi."

Ya zauna a gindin darbejiya da takarda da fensir, ni ina gefe da faifaina. Hannunsa na gudu, har da 'yar waƙa. Ya gama ya juyo mini da ita. Hula ta Malam ce, tabo na Malam ne, amma kumatun nan da haɓar nan na ɗan fim ne.

Na ce, "Ka dai sa wa baƙo hular ubanka."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, tsufa ne ya fara taɓa miki ido."

"Idon da ya ga ka saci ƙuli-ƙuli ta bayan zana? Sake."

Ya sake, ya kuma sakewa. Kowane karo sai wuyan ya gajarce, kumatu su ciko. Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye fensir ya zuba wa hannunsa ido kamar na aro ne. Ya ce, "Wallahi Inna shi nake nufi, hannun ne yake tafiya can." A nan na gane abin ya wuce wasa. In muka tashi daga wurin nan ba mu samo shi ba, fuskar Malam ta tafi ke nan, jikoki sai dai su ji a baki.

Na aika aka ɗauko madubin matar yayansa. Na kama yatsansa na ɗora a kan karan hancinsa, na ce, "Wannan na ubanka ne, a fuskarka yake, kwafa." Na juya masa kai, "Kunnen ma nasa ne. Haɓar kuwa tawa ce, kada ka sa. Tasa ta fi tsini." Haka muka bi, ina faɗa yana gogewa, har la'asar ta sanyaya. Wuya ya dawo, goshi ya dawo, bakin nan da ba ya son dariya ya dawo. Saura ido.

Ya ce, "To Inna, idon fa? Yaya yake?"

Na runtse ido in hango mutumin da na zauna da shi tun ina da ƙuruciya, sai ga gira ɗaya a ɗage. Na kore ta, ta dawo. Ni da nake wa yaro faɗa, ashe ni ma baƙon ya shiga ɗakina ya zauna.

Can na ce, "Sunkuyar da shi. Ka sa yana duban ƙasa, kamar yana neman iyakar gona."

Haka ya yi. Zanen yana nan, kuma duk wanda ya san Malam in ya gani sai ya yi masa addu'a. Amma ba ya kallon kowa, idon bai dawo mana ba har yau.

Abin da na koya shi ne, zuciya ba rumbu ba ce da za ka zuba ka liƙe ka ce yana nan. Abin da ido yake gani kullum shi ke ture wanda aka ajiye. In kana da abin tuna naka, ka riƙe shi da hannu biyu tun yana hannunka, kada ka ce akwai a kasuwa.