Gurbin Kwanan Wata Yana Nan a Kulle, Yaya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina cikin ɗaura sabon naɗin sitika a firinta, direban sito ya leƙo ya ce Allah Ya yi miki rasuwa da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Wanda Ya ba mu ke Shi Ya karɓi abinSa, kuma can dukanmu muka nufa.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma duk sitonmu na magunguna Yaya muke ce miki. Masu lodi kuwa Uwar Layi suke kiranki, saboda layukan nan baƙaƙe na bakod da kike bugawa a manna a jikin kwali da kwalba.

Ni dako na zo yi. Karatuna bai wuce firamare ba. Wata rana na ce miki sitikar da ke kusa da taga tana dusashewa kafin ta ƙuryar ɗaki. Kika dube ni kika ce, “Kai, ashe akwai ido a wannan ƙaton kan. Jawo kujera.” A nan na san firintarmu ba ta shan tawada, da zafi take rubutu, shi ya sa rana ke cinye aikinta. Kin nuna mini yadda ake tsara sitika a manhaja: sunan magani a sama, layuka a tsakiya, a bar musu farin fili dama da hagu don na'urar sikana ta iya karantawa. Na ɓata miki naɗi uku cur. Ba ki kai ƙarata ba, sai dai kin yi wata guda kina kirana Gara, wai na fi ta cin takarda.

Kina da wata al'ada da ake yi wa dariya. Duk kayan da suka shigo, sitikar farko ba ta zuwa jikin kwali. A bayan ƙofa kike manna ta, ki rubuta ranar lalacewar maganin da biro a ƙasanta. Kin ce takardar zafi mantuwa gare ta, biro ba ya mantuwa. A manhajar ma kin kulle gurbin kwanan wata da kalmar sirri, yadda ba mai iya sauya shi bayan an shigar. Ni kaɗai kika faɗa wa kalmar, ranar da na je duba ki a asibiti.

Yaya, ga abin da ya faru bayanki. Kwana biyu da binne ki, Manaja ya kira ni. Akwai kwali arba'in na maganin tari na yara da wa'adinsu ya cika tun watan jiya. Ya ce, “Ƙanena, buɗe mana gurbin nan mu ƙara wata shida. Magani ai ba tumatir ba ne.” Na ce, “Ranka ya daɗe, kalmar na san ta, amma ba zan buɗe ba.” Ya ce kujerar da nake kai akwai masu jiranta. Na ce ai da ɗaukar kaya a ka na fara cin abinci a nan, kuma kan yana nan a wuyana.

Ban sani ba ko zan kai ƙarshen wata a wurin. Yana iya kawo wani ya tsara sabuwar sitika, ba abu ne mai wuya ba. Sai dai wanda zai kawo zai tarar da bayan ƙofa, da rubutunki na shekara bakwai, da hotonsa a wayar kowane mai lodi. Ni ban roƙe su ba, su suka ɗauka. Kwalayen arba'in suna nan a gefe da jan tef, ba wanda ya yarda ya ɗora su a ka.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da mahaifiyarki Inna, da 'ya'yanki uku, da ƙannenki. Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa amanar da kika riƙe ta tsaya miki ranar da ba a sauya wa kowa rubutu.

Yau da safe sababbin kaya sun shigo. Na manna sitikar farko a ƙarƙashin taki ta ƙarshe, na rubuta ranar da bironki.