Igiyar Tumba

Gidanmu a Garu gidan magina rijiya ne, kuma ni ne ɗa na farko da ya tashi a cikinsa yana tsoron rami. Yanzu da furfura ta fara fito mini ba na jin kunyar faɗi. Tun kakannin kakanni mazan gidanmu suke shiga ƙasa suna fito wa mutane da ruwa, daga ƙauyukan Illela har tsallaken iyaka, amma ni ko leƙa rijiya na yi sai in ja da baya da sauri.

Wadda ta fi kowa sanin haka ita ce kakata, Inna Ige, mahaifiyar babana. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta kwaso garwashi daga murhu zuwa ƙofar ɗakinta, ta ƙara kara, ta miƙe ƙafa a tabarma da ƙwaryar da ta jiƙa kaba a ciki. Mu jikoki mu kewaye wutar, kowa yana ture ɗan'uwansa. Yayata Hajo ce kullum a gefen damarta tana miƙa mata kaba, ni kuwa ina can baya, don na san da ta hango ni za ta fara.

"Ina maigidan nawa, mai gudun rami?" haka take cewa. "Matso nan kusa, wuta ta, ba rijiya ba ta."

Sauran yara su kwashe da dariya, ni in cika in yi fam, amma ban taɓa tashi ba.

Hannunta ba ya hutawa, domin tufkar igiya aikin matan gidanmu ne. Mace ba ta shiga rijiya, amma babu namijin da ke fara gini sai macen gida ta tufka masa igiyar kaba, kowace gaba da ƙullinta. Ana ɗaure ta a bakin rami a sake ta ciki, ragowarta na nannaɗe a ƙasa kusa da ƙafar magini. Muddin bakin igiyar yana taɓa ƙasa, ba shi da ikon cewa ya gaji. In ta ƙare, ta koma tana lilo sama da kansa kuma babu ruwa, to sai ya cike ramin da hannunsa, don ba ma barin rami a buɗe ya ci akuyar wani ko ɗan wani. Inna takan ɗaga kai ta ce tun da aka kafa gidan ba a taɓa cike rami ko ɗaya ba. A lokacin na ɗauka sa'a ce kawai muke da ita.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura da na aljanun kuka, amma akwai labari ɗaya da in za ta ba da shi sai ta gyara zama ta tsawata mana.

"Ku rufe baki. Wagga ba tatsuniya ba ta, labarin gidanku na."

Ta ce kakanmu na farko, Nomau, daga arewa ya gangaro da jaki ɗaya, da ƙarfen gini da muke kira dagi, da matarsa Tumba. Ya iske matan Garu suna fita ɗibar ruwa da asuba, ba sa dawowa sai hantsi ya ɗaga. Ya je wurin mai gari ya ce a nuna masa fili zai gina rijiya. Tumba ta tufka masa igiya gaba goma sha biyar, ya shiga. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce yashi, ya iske marmara mai cinye bakin dagi. Wata uku yana fama. Ranar da igiya ta ƙare, ƙasan ramin a bushe yake ƙamas kamar tsakar gida.

Mutanen gari suka sa shi gaba da ba'a. Wani ya ce baƙo ya gina musu rumbu a kife, sai a kawo gero a zuba. Mai gari ya ba shi kwana uku ya cike raminsa ya kama hanya. Nomau ya shiga bukka ya kwanta, ya juya fuska ga zana, ko fura ya ƙi sha. Tumba kuwa ta miƙe. Ta ɗauki lauje ta shiga daji ta yanko kaba, ta jiƙa, ta zauna ta ƙara wa igiya gaba uku.

Nan Inna takan wuce da sauri, ko kuwa mu ne ba ma saurare, don duk mun ƙagu a zo wurin zanzaro. A rana ta uku da tsakar rana Tumba ta ga zanzaro yana gina ɗakinsa a jikin itacen bukka da farar laka ɗanya. Bazara ce, tabki ma ya tsattsage, to ina ya samo laka? Ta bi shi da ido, ta bi shi da ƙafa, sai ga shi ya faɗa ramin Nomau. Ashe akwai wata 'yar tsaga a gefe da danshi ke tsattsafowa.

Inna takan ƙanƙance murya in ta zo nan. "Tac ce mai, 'Tashi, igiyarka ba ta ƙare ba.' Yac ce, 'Mi? Ni nig gwada ta da hannuna.' Tac ce, 'Shekaranjiya kag gwada ta. Tahi ka sake gwadi.'"

Nomau ya koma rami. Bai cinye gaba biyu ba ruwa ya ɓalle, har sai da aka jawo shi da gudu. Wanda ya yi maganar rumbu shi ya fara kawo tulu.

Saboda wannan labari ba a kashe zanzaro a gidanmu, ko a kan riga ya yi gini. Ni kuwa da shegen tambaya, wata rana na ce, "Inna, da zanzaro bai zo ba fa?"

Ta zabga mini jiƙaƙƙiyar kaba a ƙauri. "Kai da zanzaronka! Sau nawa nika ba ka labarin ga, ba ka ji komi ba sai ƙwaro." Hajo ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na ji haushinsu su biyun, kuma ban gane abin da na rasa ba.

Ina da shekara goma sha bakwai na gudu daga sana'ar. Na iya jan kwandon ƙasa, na iya wasa dagi, an ma taɓa zura ni sau biyu na fito ina amai. Na koma cikin Illela na kama saye da sayar da albasa, na yi aure, na kafa rumfa, kuma Allah ya rufa asiri. Inna ta rasu. Motocin haƙa burtsatse suka shigo, aikin gidanmu ya ja baya, 'yan'uwa suka watse, wasu kasuwa, wasu acaɓa. Babana kaɗai ya rage, yana bin ƙananan ƙauyukan da mota ba ta shiga. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan shirun nasa ya fi gori ciwo.

Shekara uku ke nan da ya rasu, cikin bazara, zazzaɓin kwana biyar. Bayan addu'ar bakwai sai ga saƙo daga wani ɗan ƙauye a bayan Araba. Baba ya bar musu rami gaba goma sha huɗu, igiya ta ƙare, babu ruwa. Mai unguwarsu ya yi mana ta'aziyya da kyau, sannan ya ce ɗan maraƙi ya kusa faɗawa, kuma yaransu nan suke wasa. Ko mu ƙarasa, ko mu cike.

Ni kaɗai ne namijin da ya rage kusa. Na sayi shebur biyu na tafi da niyyar cikewa. Na san zan zama na farko da ya cike rami tun daga zamanin Nomau, na san daga ranar an daina kiran mu magina ke nan, amma na ce wa kaina zamani ne ya kawo haka. Hajo ta ce za ta bi ni. Lokacin ta yi jikoki, idonta ma ya fara rauni.

Da muka isa ta ce, "Ka ba ramin kwana uku, yadda anka ba Nomau."

Na yarda, don ina ganin ba abin da zai canza, na kuma ɗauka zanzaro take so mu jira. Sai ga ni, magidanci mai 'ya'ya huɗu, zaune a bakin rami da rana tsaka ina jiran ƙwaro, waya na ta ƙara a aljihu, abokan ciniki na nema na. Yaran ƙauyen suka zo suka tsaya suna kallo na. Kuda ya zo, ƙadangare ya zo, zanzaro ko ɗaya bai zo ba. Rana ta uku da la'asar na ji wani sanyi a raina, na kuma ji kunyar wannan sanyin. Na iske Hajo a gidan da aka sauke mu na ce, "Yaya, na yi abin da kika ce. Bai zo ba. Gobe zan cike."

Ta jawo wani buhu ta zazzage a gabana. Sabuwar igiyar kaba ce, ƙulli uku. Yatsunta duk sun tsattsage.

"Wa yac ce maka ƙwaro nike jira?" in ji ta. "Yaushe Tumba tay yanko kaba, ranar da tag ga zanzaro ko tun ranar hwarko? Inna ta yi ta hwaɗa maka, kai kana can kana bin abu mai hiffike. Igiyar Baba ba ta ƙare ba. Tahi ka gwada."

Na tsaya ina kallon igiyar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ta san tsorona sarai. Amma dokar gida ce, kuma ban iya tsallake ta a gaban ramin mahaifina ba.

Da safe Malam Arzika, wanda ya shekara talatin yana ja wa Baba kwando, ya fara zura fitila don a ga ko iskar ciki na da kyau. Ta sauka ba ta mutu ba. Ya ɗaura mini igiyar roba mai kauri a ƙugu, shi da mazan ƙauyen suka riƙe, aka haɗa igiyar Hajo da tsohuwar ta Baba aka saki a gefe. Na yi bisimilla na rufe ido. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na buɗe ido, sai ga dagin Baba a jingine, inda yake riƙewa ya yi sumul ya lotsa daidai hannunsa. Na zauna a gurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Sannan na ɗauka na fara sara.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba, kullum da shi nake shiga da shi nake fita. Hannun mai auna albasa ya yi bororo, bororon ya fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Gaba ta farko marmara ce zalla, kwana shida ta ci. Ta biyu ta zo da yashi busasshe. Kullum ina kallon naɗin igiyar da ke gefen ƙafata yana raguwa, kuma gaskiya tun ina fatan ya ƙare in huta, har na koma ina tsoron ƙarewarsa. Mai unguwa ya leƙo ya ce in na gaji ba wanda zai ga laifina. Na ce masa igiya na taɓa ƙasa.

Rana ta goma sha bakwai, saura kamu ɗaya igiyar ta tashi, na kafa dagi na ji ya shige da laushi. Na zaro, bakinsa ya fito da farar laka. Na sake kafawa, sai ruwa ya biyo shi a hankali, ya zagaye yatsun ƙafata da sanyi. Na yi kabbara, na sama suka amsa, mata suka ɗauki guɗa.

Na fito da ruwan a 'yar ƙwarya, duk laka, na nufi Hajo don ita ya kamata ta fara gani. Tana zaune a gindin aduwa, ko tasowa ba ta yi ba. Gabanta ƙwarya ce da jiƙaƙƙiyar kaba, a cinyarta kuma wata sabuwar igiya, har ta yi ƙulli biyu.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta karɓi ruwan ta kurɓa, ta goge baki. "Da ba ka iske shi yau ba, da gobe ka iske igiyarka ba ta ƙare ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ina yaro na ɗauka igiyar ita ce iyakar wahalar namiji, in ta ƙare ya fita da mutuncinsa. Sai a gindin aduwar nan na gane dalilin da ba a taɓa cike rami a gidanmu ba. Maza sun sha gajiya, sun sha kwanciya su juya fuska ga zana, ni ma na zo da shebur har biyu. Duk daren da Inna take mana hira hannunta na tufka, ashe wani magini take hana wa tsayawa, kuma sau da yawa babana ne.

Ban bar albasa ba, amma dagin yana zaurena, kuma bara na gina rijiya biyu. Hajo ta fara koya wa babbar 'yata tufka. Ran nan na leƙa na ga yarinyar ta ƙulla gaba goma sha biyu don wani aiki da na karɓa, kuma ta ɓoye ragowar kaba a bayan randa tana tsammanin ban gani ba.