Ranar da Hajja Ta Zauna a Kan Rijiya

Wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baffa Sule, ƙanen mahaifinmu, ya shigo gidanmu na unguwar Dilimi a Jos da magini da buhunan siminti. An jawo mana famfo, shi ne ya yanke shawarar a cike tsohuwar rijiyar tsakar gida, a shafe ɗan lambun da ke gefenta, a fitar da shago. Kakata Hajja, mahaifiyarsu, tana rege acca a ƙwarya. Ta goge hannu da zane, ta je ta zauna daram a kan murfin rijiyar. "Sule, ka fara zuba simintin a kaina," in ji ta. Baffa ya ce, "Hajja, zamani fa ya canza." Ta ce, "Famfon nan, ruwansa a hannunka yake?" Magini bai jira amsa ba, ya tattara kayansa ya fice.

A gaskiya ni bayan Baffa nake a lokacin. Ni ke jan guga kafin in tafi makaranta, cikin sanyin nan na Jos mai ƙage yatsu. Ni ke ba kabeji da alayyafo ruwa, in share akurki, in zuba kashin kaji a gindin tumatir. Ƙawayena na 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni kuwa ina durƙushe ina yanka kuɓewa ana shanyawa. Ko ruwan wankin shinkafa Hajja ba ta yarda a zubar, sai a gindin shuka. A makaranta 'yar ƙauye suke ce mini, don dafaffen dankali nake zuwa da shi a ƙunshe, su kuwa biskit.

Bayan shekara biyu famfo ya ƙafe ana tsakiyar rani. Muna cikin haka gari ya rikice, aka sa dokar hana fita, kasuwa ta rufe. Gidanmu ba a fasa ɗora tukunya ba. Maƙwabciyarmu Mama Ngozi, wadda shagonta ke kulle, ta saman katanga take miƙo bokiti, Hajja ta ce, "A cika mata, a haɗa mata da ganye." Da aka sassauta dokar, Baffa da kansa ya zo da jarkoki, kansa a sunkuye. Hajja guga kawai ta miƙa masa.

Yau ina haya a Gada Biyu, ɗaki biyu, ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa. Kayan miya sun yi tsada, damina kuma ta daina zuwa a lokacinta. Na jera buhuna bakwai a baranda na shuka attaruhu da alayyafo, na kafa duro a ƙarƙashin indararo. Mai gidan ya ce ina ɓata masa gida. Na ce masa, "Oga, in ka tashe ni, da buhunana zan tafi." Ina kewar gidanmu na Dilimi, amma ba zan zauna jiran wani ya ciyar da 'ya'yana ba.